Launin tsohon kwabo: wanne ne kariya, wanne ne ciwo

A gidaje da yawa a Jos, musamman tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Dilimi, ba a rasa gwangwanin da aka manta da shi a ƙasan adaka, cike da kwabbai na zamanin Turawa da na farkon naira. Ranar da aka buɗe, abin da ido zai fara gani shi ne launinsu ba ɗaya ba. Wani ya yi ruwan makuba sumul, wani baƙi ƙirin, wani yana ɗan walƙiyar shunayya in an karkata shi, wani kuwa koren gari ya feso masa a gefe. Yawancin mutane duk datti suke kiran wannan, sai a yanko lemun tsami a haɗa da toka a dirje. Cikin minti biyu kwabo ya yi jawur. Cikin minti biyun nan kuma an kankare abin da ya yi shekara sittin yana samuwa, wanda shi ne yake kare ƙarfen, shi ne kuma masu tara tsofaffin kuɗi suke dubawa kafin su yi tayi.

Launin da ke jikin tsohon kwabo ba daga waje ya zo ya manne ba. Ƙarfen ne da kansa ya haɗu da abubuwan da ke cikin iska ya rikiɗe ya zama wata siririyar fata. Wanda ya cire launi, ƙarfe ya cire. Sai dai ba kowane launi ne lafiya ba. Akwai wanda ya tsaya yana tsare abin da ke ƙarƙashinsa, akwai wanda yake ci gaba da cin kwabon har ya huda shi. Aikin mai ajiya shi ne ya iya rarrabe su, ya ƙyale na farko, ya tare na biyu.

Wane ƙarfe ne a hannunka?

Ba duk abin da ake kira kwabo ne jan ƙarfe ba. Kuɗi masu huji na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Birtaniya, waɗanda suka fara shigowa daga 1907, wato kwabo da anini, daga baya kuma dari, wato rabin kwabo, yawancinsu haɗin jan ƙarfe kashi 75 ne da nikel kashi 25. Shi ya sa suke fari-fari, tsufansu kuma ruwan toka ne. Sai a 1952 aka koma buga su da tagulla. A kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, kwabo da dari tagulla ne masu huji, taro kuwa wani haɗi ne mai ruwan ɗorawa da kusurwa 12. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin mai da rabin kwabo mai hoton auduga su ma tagulla ne. A 1991 aka sauya: kwabo 1 da 10 da 25 baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Maganaɗisu ne yake raba gardama. In ya kama, rufi ne kawai, kuma ciwonsa daban ne.

Tagullar da Ingila ta fara buga kwabonta da ita a 1860 jan ƙarfe ce kashi 95, kuza kashi 4, tutiya kashi 1. Daga baya aka riƙa rage kuzar ana ƙara tutiya. Mutumin Bukuru ko Barikin Ladi ba sai an yi masa bayanin kuza ba; a nan aikinta shi ne ta ƙara wa ƙarfen tauri don kada ya sude da wuri. Wannan ɗan bambancin haɗi yana fitowa a launi. Jan ƙarfe zalla, irin na manyan kwabban Ingila na 1797, yakan tafi ruwan makuba mai zurfi. Haɗin da tutiya ta yi yawa a cikinsa yakan karkata zuwa ɗorawa-ɗorawa mai duhu.

Daga ja zuwa ruwan ƙasa

Kwabon da ya fito daga injin bugawa ja ne mai ɗan ruwan goro, da sheƙin da yake zagayawa in an juya shi a ƙarƙashin fitila. Sheƙin nan daga wasu ƙananan layuka yake zuwa, waɗanda ƙarfen ya bari lokacin da hatimi ya danne shi ya malala daga tsakiya zuwa baki. Zurfinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ɗan asid kaɗan yake share su, kuma babu dabarar da ke dawo da su.

Tun a sa'o'in farko iskar oksijin take fara aiki. Tana haɗuwa da jan ƙarfe ta haifar da oksayid mai launin ja-ja, fatar da ido ba ya ma ganinta da farko. Tana girma da sauri a farkon lamari, sannan ta rage, domin ita kanta take tare iskar daga kaiwa ga ƙarfen da ke ƙasa. Inda zafi ya yi yawa akan sami wani oksayid ɗin baƙi a samanta. Shi ya sa kwabon da gobara ta taɓa yake fitowa baƙi, wani lokaci yana ɓarewa.

Wanda ya fi oksijin saurin sauya launi shi ne farar wuta. Ba a bukatar ta da yawa. Ɗan abin da hanci ba ya ma ji ya isa. Tana fitowa daga robar ɗaure kuɗi, ulu, kwali da ambulan ruwan ƙasa, wasu nau'o'in gam, dafaffen ƙwai, albasa, warin kwata da masai, da hayaƙin janareta mai shan dizal. Idan ta haɗu da jan ƙarfe sai ta ba da salfayid, wanda yake da duhu, daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi mai baƙi-baƙi. Kwabbai biyu na shekara ɗaya, ɗaya a kwalba a rufe, ɗaya a ambulan a ɗakin da ke kusa da janareta, bayan shekara biyar ba za ka ce a masana'anta ɗaya aka buga su ba.

To daga ina shuɗi da shunayya da ruwan gwal suke fitowa, alhali oksayid ja ne, salfayid kuma baƙi? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har su ɗauka fenti aka shafa. Muddin fatar siririya ce sosai, haske yana ratsa ta. Wani sashen hasken yana dawowa daga samanta, wani ya shige ya daki ƙarfe ya dawo. Da suka haɗu, sai wasu launuka su kashe juna, wasu su ƙarfafa juna, gwargwadon kaurin fatar. Abin da ake gani ke nan idan baƙin mai ya ɗiga a ruwan da ya kwanta a garejin makanikai. Kaurin da ake magana a kai yana tsakanin nanomita 40 zuwa wajen 130, alhali silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 70,000. Kuma launukan suna da jeri: ruwan ƙasa mai ja, sai shunayya, sai shuɗi, sai shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore, sai ɗorawa, sai ruwan goro, sai ja kuma. A riƙe jerin nan, domin zai yi amfani wajen gane na jabu. Idan fatar ta ci gaba da kauri, haske ya daina ratsa ta, sai wasan launukan ya mutu, launin sinadarin kansa ya bayyana. Ruwan ƙasa ke nan, masaukin kusan kowane kwabo.

Wanda ya yi yawo a kasuwa ba ya tsayawa a matakin shuɗi da shunayya. Yatsu suna goge fatar suna shafa mata maiƙo, tana sake fitowa, har ta zama ruwan makuba mai santsi da ɗan sheƙi. A ganina wannan ita ce fata mafi aminci da kwabo zai samu. Ba ta ci gaba da ci, ba ta damu da ɗan sauyin yanayi ba, kuma rubutu da hoto sun fi fitowa a kanta.

Kamfanonin tantance kuɗi na Amurka sun kasa wannan tafiya gida uku. A ma'aunin PCGS, ɗaya daga cikin kamfanonin, kwabon da ya riƙe kashi 95 ko fiye na jansa na asali ana rubuta masa RD, wato ja, wanda ke tsakanin kashi 5 da 95 RB, wato ja da ruwan ƙasa, wanda ya gaza kashi 5 kuma BN, wato ruwan ƙasa. A wasu tsofaffin kuɗin Amurka farashin ja yakan ninka na ruwan ƙasa sau da yawa, kuma wannan ne yake sa mutane kwaɗayin mayar da kwabo ja. Amma hanyar ba ta komawa baya. Jan da asid ya fito da shi ruwan hoda ne, busasshe, marar sheƙi, wanda ya saba kallo yana gane shi daga nesa. Gaskiya kuma ita ce yawancin kwabban 1959 da 1973 an buga su da yawan gaske, ba za su sa kowa ya yi arziki ba. Ɗan abin da suke da shi na daraja yana cikin fatarsu ta asali ne.

Kore iri huɗu

Kore ne launin da ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin abubuwa huɗu mabambanta suna fitowa da shi, kuma maganin ɗaya yana iya zama gubar ɗaya.

Akwai kore mai tauri, mai duhu, mai santsi, wanda farce ba ya kankarewa. Kabonet ne na jan ƙarfe, yana samuwa a hankali a kan kuɗin da suka daɗe a binne, inda ruwa da iskar kabon suka yi ta aiki shekara da shekaru. Galibi akwai jan oksayid a ƙarƙashinsa. Wannan lafiya lau ne. Sau da yawa ma ainihin fuskar kwabon, da rubutunta da hotonta, ta riga ta koma cikin wannan ɓawon, wanda ya cire shi sai ya tarar da ƙarfe mai ramuka babu komai a kai. Ba kowace ƙasa ce take ba da irinsa ba. Ƙasar tsaunin Filato, wadda ta samu daga ruɓewar duwatsu, galibi mai tsami ce, kuma ƙasa mai tsami cin ƙarfe take yi maimakon ta gina masa ɓawo. Shi ya sa kwabon da aka tono a gona a yankin nan yakan fito da kaushi, ja-ja, kamar an yayyafa masa yashi.

Na biyu kore ne mai maiƙo da danƙo, kamar kakin zuma, wanda ake samu a kwabon da ya zauna a jakar fata ko aka shafa wa mai. Asid ɗin da ke cikin kitse ne ya haɗu da jan ƙarfe. Manja yana yin haka, man gyaɗa da man zaitun ma suna yi in aka bar su suka daɗe. Masu ba da shawarar a jiƙa kwabo a man zaitun wata da watanni ba su cika faɗin cewa yana baƙanta shi ba, kuma man da ya shige cikin ramuka yana ci gaba da tsami.

Na uku yana kama da na biyu, amma ya fi haske kuma yana bin shacin ledar da aka sa kwabon a ciki. Ledar PVC ce, irin mai laushi ta albam ɗin hotuna da jakar katin shaida. Man da aka sa mata don ta yi laushi yana tsatsowa da zafi, ledar kuma tana sakin asid mai kulorin. Da farko hazo ne kawai a fuskar kwabon, daga baya ya zama kore mai yauƙi, a ƙarƙashinsa kuma ƙarfen yana cinyewa. Ana iya gwada leda a gida: a ƙona bakin tsabtatacciyar wayar jan ƙarfe a wutar gas har ta daina ba da launi, a taɓa ledar da ita, a mayar cikin wuta. In harshen wutar ya yi kore, akwai kulorin, a raba ledar da kuɗi.

Na huɗu shi ne mugun, wanda ma'aikatan gidajen tarihi suke kira ciwon tagulla. Gari ne mai haske, kore da ya karkata zuwa fari ko shuɗi, yana fitowa tsibi-tsibi daga cikin ƙananan ramuka, tsinke yana kwashe shi ba wuya. In an share, bayan 'yan makonni sai ya dawo a daidai wurin. Tushensa gishiri ne. Kulorayid daga gumi, ko ƙasa, ko takin zamani mai sinadarin fotash irin wanda ake zubawa a gonakin dankali, yana shiga ya kwanta a jikin ƙarfe a ƙarƙashin fata. Yana iya yin shekaru a nan shiru. Da zarar laima da iska sun kai gare shi sai ya rikiɗe ya zama koren garin nan, a lokaci guda kuma ya saki asid. Asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da kulorayid, a sake zagayowa. Gishirin ba ya ƙarewa, ƙarfen ne yake ƙarewa. Kuma garin da ya zuba a kan maƙwabcinsa yana iya kai masa gishirin, don haka matakin farko shi ne a ware mai ciwon.

Abin da yake kunna wannan zagaye laima ce. Ƙasa da kashi 35 cikin 100 ciwon yana kwanciya. Daga wajen 45 zuwa sama yana farkawa, sama da 70 kuwa gudu yake yi.

Damina da hunturu

Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma sanyinta yana sa mutane su ɗauka wurin ajiya ne mai kyau. Ta wani fannin haka ne, domin sanyi yana rage saurin duk waɗannan sauye-sauye. Amma daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi, a marka kuma laimar iska takan haura kashi 80 ta zauna a nan makonni. A Disamba da Janairu sai ta faɗi ƙasa da 30. Wato kwabo mai ciwo yana barci wata huɗu ko biyar, ya ci sauran shekarar. Wanda ya duba kayansa a Janairu ya ga komai shiru, bai ga komai ba tukuna.

Hunturu ma yana da tasa ɓarnar. Ƙurarsa tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu tauri fiye da jan ƙarfe. A goge ta da tsumma, sai ta bar siraran layuka a filin kwabon. A bar ta kuma, kowace ƙwaya ta zama wurin taruwar laima in damina ta zo, ɗigon baƙi ya fito a ƙarƙashinta. Busawa ake yi da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara, ba da baki ba.

Abuja ta fi zafi, kuma tana da wata matsala da ba a cika lura da ita ba, wato na'urar sanyaya ɗaki da ɗaukewar wuta. Ƙarfe ya yi sanyi a ɗaki, wuta ta tafi, an buɗe taga, iska mai ɗumi da laima ta shigo, sai raɓa ta kwanta a kan kwabon, siririyar da ba a gani. In haka na faruwa kullum tsawon damina, ya fi zama a laima mai yawa da ba ta motsi illa. Akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi mai jure gobara shi ma ba abin dogaro ba ne, domin da yawansu abin da aka cusa a bangonsu yana riƙe da ruwa.

Ɗigo, shacin yatsa da zane

Baƙaƙen ɗigogin da ake gani a kan jan kwabo yawanci daga feshin yawu ne ko ƙwayar ƙura. Wanda ya yi magana ko tari a kan kwabo yau, zai ga sakamakon bayan watanni. Ɗigon yana shiga cikin ƙarfe, in an tono shi rami yake bari. Shacin yatsa ma haka: gumi gishiri ne da maiƙo da asid. A kwanakin farko ana iya wanke shi, in ya kwana biyu ya zauna ke nan har abada. Akwai kuma wani zane-zane mai kama da jijiyar katako, layuka masu haske da masu duhu duk suna fuskantar gefe ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne. Haɗin ƙarfen ne bai gauraya sosai ba tun a tukunya, da aka murje shi ya zama falle sai ya miƙe layi-layi, kowane layi kuma yana tsufa da saurinsa.

Su kuwa na 1991 masu rufi, da farko suna sauya launi kamar kowane jan ƙarfe. Amma da rufin ya sami ƙofa, baƙin ƙarfen ciki yake fara tsatsa, ya kumburo rufin ya yi ƙuraje masu ruwan goro. Kwabon Amurka daga 1982, wanda cikinsa tutiya ce, farin gari yake fitarwa. Irin waɗannan ba a jiƙa su a ruwa ko kaɗan.

Launin da aka ƙirƙira

Tun da kyakkyawan launi yana ƙara kuɗi, akwai masu yin sa da hannu: a wanke kwabo da asid, sannan a rufe shi da dafaffen ƙwai, ko a shafa masa man shafawa mai farar wuta, ko a gasa shi. A duba da gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, a ƙarƙashin ƙwan fitila guda ɗaya, a ɗaki mai ɗan duhu. Tocilar waya tana ƙara shuɗi, tana yaudarar ido.

A kwabon da ya tsufa da kansa, ragowar ja tana maƙalewa a wuraren da suke a kare: cikin haruffa, gindin kambi, kusurwoyin tauraro, kewayen baki. Fili da wuraren da suka ɗago su ne suke fara yin duhu. Launuka suna narkewa cikin juna bisa jerin da aka ambata, kuma sau da yawa fuska ɗaya ta fi ɗaya duhu, domin ɗaya ce ta kalli iska. A na jabu, launin yana kwance bai ɗaya a kan tudu da kwari, ko ya taru a inda ruwa ya tsaya ya bushe. Akan ga shuɗi ya yi tsalle zuwa ja babu abin da ke tsakani. Akan ga launi ya rufe sabon ƙarce. Babbar alama ita ce shuɗi mai ƙyalli a kan kwabon da ya sude. Wanda ya sha hannu haka ba shi da dalilin yin launin wanda bai taɓa fita kasuwa ba. In kuma aka karkata shi aka ga ruwan hoda yana leƙowa daga ƙasa, an wanke shi kafin a rina.

Abin da ya halatta a yi

Lemun tsami, tsamiya, ruwan kal, lemun kwalba, man goge baki, toka, soson ƙarfe da man goge tagulla, duk suna cire fata ko su ƙarce ta. Garin neman gira ake rasa ido a nan. Abin da ake iya cirewa ba tare da taɓa launi ba shi ne maiƙo, danƙon leda da datti.

Na wannan, asiton zalla ake amfani da shi, ba na cire jan farce ba, domin wancan akwai mai da turare a ciki. A sami ƙananan kwalabe uku na gilashi masu murfi. A sa kwabon a ta farko minti 10 zuwa 15, a juya shi, a mayar ta biyu na 'yan mintoci, a ɗauraye a ta uku, a jingine shi a tsaye ya bushe da kansa. Ba a gogawa. In danƙon ya yi kauri, a mirgina jiƙaƙƙiyar auduga a kai, mirginawa ba ja ba. A yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da wuta, domin asiton yana kamawa nan take. A kuma sani cewa in leda ta riga ta ci ƙarfen, wankewa za ta tona tabon ne kawai.

Ciwon tagulla kuwa aikinsa ya fi haka tsawo, kuma kwabo mai daraja gara a kai shi ga mai gyaran kayan tarihi. Ga na yau da kullum, a fara kwashe garin da tsinken gora ko na sakace a ƙarƙashin gilashi, har a kai ga jan da ke ƙasan ramin. Sannan a jiƙa a ruwan da aka tace ta hanyar turiri, ana sauyawa kullum. Ruwan famfo, na burtsatse da na leda duk suna da gishiri a ciki. A yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin iri biyu ne, ɗaya tataccen ruwa, ɗaya asid. In ciwon ya ƙi, masu gyara suna amfani da sodiyam seskwikabonet, giram 5 a ruwa mililita 100, ana sauyawa mako-mako, wani lokaci har watanni. Yana zaro gishirin, amma yana iya sauya launin kwabon ko ya rage fatar, don haka sai in babu makawa. Wani zai ce ai wannan sinadarin shi ne a cikin kanwa. Gaskiya ne, amma kanwar kasuwa tana gauraye da gishiri, wato da ainihin abin da ake neman fitarwa. Bayan an ɗauraye an busar sosai, sai a jiƙa a benzotirayazol, sinadarin da ke hana jan ƙarfe cinyewa, kashi 3 cikin 100 a ruwan sifirit na kwana ɗaya, da safar hannu domin ba abin wasa ba ne, sannan a rufe da siririn kakin da ake yi don kayan tarihi. Masu tantancewa suna ɗaukar kwabon da aka yi wa haka a matsayin wanda aka taɓa, amma ya tsira.

Ajiya ta fi duk wannan sauƙi. Kowane kwabo da gidansa: ƙoƙon roba mai tauri na musamman, ko leda mai ƙarfi marar PVC. In kwali mai taga aka yi amfani da shi, a danne ƙusoshin sitefula su kwanta, a kuma sauya duk wanda ya fara tsatsa. A riƙe kwabo ta bakinsa, da safar auduga ko ta naitiril, wata irin sabuwar roba. Safar roba ta gargajiya tana da farar wuta. A zuba su a mazubin roba mai murfi da ke rufewa ruf, irin na abinci, tare da silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, giram 20 ga kowace lita, wato giram 100 ga mazubi mai lita 5, da 'yar na'urar auna laima a ciki inda za a iya karantawa ba sai an buɗe ba. 'Yan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun riga sun ƙoshi da ruwa, ba su da amfani sai an gasa su. Gashin kuwa a zafin digiri 110 zuwa 120 ne na awa biyu zuwa uku, a bar shi ya huce a rufe. Silika jel mai ruwan goro yakan sauya launi in ya ƙoshi, ya fi mai shuɗi aminci. Mazubin ya zauna a ɗakin tsakiya, sama da ƙasa, nesa da kicin, banɗaki da bangon da ke jiƙewa.

A ɗauki hoton kowane kwabo da ake zargi, gaba da baya, a haske iri ɗaya. A gasa silikar a ƙarshen Maris kafin ruwan farko, a sake dubawa a Yuli, sannan a fito da kwabban a kwatanta su da hotunan a ƙarshen Satumba. Wanda ɗigonsa ya ƙaru ko ya fito da sabon gari a tsakanin nan, a ware shi a mazubi na daban, a saukar da laimarsa ƙasa da kashi 35.